Taku Talatin Da Alhaji Ya Ƙi Yi

Wata rana, Asabar ce, wajen ƙarfe takwas na safe, wani mutum ya zo filinmu da jirgin da ya fi na kowa kyau.

Ba zan faɗi sunansa ba. Ba wai kara nake masa ba. Bai gaya mana ba ne, mu kuma bai ba mu sararin tambaya ba. Alhaji muka kira shi, bai musa ba.

Ga waɗanda suka fara bina kwanan nan: ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kaduna. Ranar Asabar kuma ina cikin wasu magidanta bakwai da ke tashin ƙananan jiragen sama da rimot.

E, magidanta. Wasunmu har da jikoki.

Na san abin da za ku rubuta a ƙasa. Uwargidana ta riga ku faɗa, kuma ta fi ku iya faɗarsa.

Filin ba namu ba ne. Na Hajiya Lantana ne, mai gidan kaji a can bayan Rigachikun. Dogayen rumfunan kajinta suna gabas, filin yana yamma da su, babu abin da ke cikinsa sai ciyawa da tsiron tumfafiya.

Kafin mu same shi an kore mu daga wuri biyu. Wata takwas muka yi jiragenmu suna rataye a ɗaki.

Malam Jazuli ne ya roƙo mana wannan. Shi ne dattijonmu, shekararsa sittin da takwas, ya yi arba'in daga ciki yana gyaran rediyo da talabijin a Tudun Wada. Sau huɗu ya je gaishe da Hajiya kafin ta yarda.

Ba ta nemi komai a wurinmu ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa: kada wani abu ya faɗo wa kajinta. Ran da ya faɗo, ranar mun gama.

Ba tsanani ba ne. Kajin ƙwai in suka firgita, kusurwa ɗaya suke rugawa su hau kan juna. Na ƙasa su mutu, na sama su yi kwanaki ba su saka ba.

Shekara uku muna kiyayewa.

Abin da ya kiyaye mu kuwa wata 'yar al'ada ce da ba ta da kwarjini ko kaɗan. Sai na ɗan yi muku darasi kafin ku gane ta. Ku yi haƙuri, sana'a ce.

Rimot yana hannunka. A cikin jirgin akwai wani ɗan akwati da bai kai kwalin ashana ba, sunansa risiba. Ita ce ke karɓar umarninka ta miƙa wa fiffike da jela da inji.

Ba kowace risiba ke jin kowane rimot ba. Kwalayensu na iya cewa a zangon rediyo ɗaya suke aiki, amma kowane kamfani da irin tsarin saƙonsa.

Ko cikin masu jituwar ma, iri biyu ne. Akwai 'yar ƙarama mai gajeriyar eriya guda, an yi ta don jirgin da ba ya wuce tsakar gida. Akwai ta fili, mai eriya biyu, wadda ke jin ka ko jirgin ya zama ɗigo a sama.

Duk cikinmu babu mai risibar kamfanin rimot ɗinsa. Tsadarsu ba ta malamin makaranta ba ce. Malam Jazuli ke nemo mana masu sauƙin kuɗi da suka dace, kuma har yau babu wadda ta kunyata mu.

Amma ko shi ya kawo ta, sai ta yi taku talatin.

Ga yadda ake yi. Wani ya riƙe jirgin a ƙasa. Kai kuma ka danna maɓallin da ke rage ƙarfin rimot, ka yi ta ja da baya kana kaɗa 'yar sandar tuƙi da ke jikin rimot. In ka kai taku talatin jela tana motsi yadda ka ce, tashi. In ta tsaya ko ta fara rawa, ka naɗe kayanka ka zauna ka yi kallo.

Minti biyu ne. Babban mutum yana tafiya da baya yana ƙirga ƙafa kamar mai awon fuloti. Ba a yi shi don hoto ba.

To, sai ga Alhaji.

Ya fito daga mota da farin kaftani, ya buɗe baya. Jirgi ja da fari, fiffikensa ya kai tsawon ƙofar ɗaki, fenti yana ɗaukar ido. Rimot ɗin kuwa da allo a jikinsa kamar waya. Kafin mu gama amsa sallama mun san daga Dubai ya zo da shi, don sau biyu ya faɗa.

Ya bi jiragenmu da kallo. Nawa da farin kumfan nan da ake sako firji a ciki na yi shi, ga faci ta ko'ina. Ya tambaye ni ko aikin ɗalibai ne.

Na ce masa a'a, ɗalibaina sun fi haka tsafta.

Bai yi dariya ba. Na lura bai zo da wannan niyyar ba.

Ashiru tela, wanda a cikinmu shi ne fushinsa ke kusa, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, da ganin wannan jirgin ba a taɓa kwance masa ko ƙusa ɗaya ba, sayensa aka yi da gumin wani. Na ce ya bari, baƙo ne.

Ashe Malam Jazuli ya san shi.

Ranar Laraba Alhaji ya je shagonsa neman risiba. Malam ya tambaye shi wane irin rimot ne, yaya girman jirgin, kuma ina zai tashe shi. Alhaji ya ɗauka dabarar 'yan kasuwa ce, ana auna aljihunsa. Malam ya nuna masa wata mai eriya biyu da ta dace da rimot ɗin, kuɗinta daidai misali. Alhaji ya ce ya ga wadda ta fi ta arha nesa ba kusa ba a intanet, kuma an rubuta ƙarara tana aiki da irin rimot ɗinsa. Ya fita ko sallama babu.

Mutum ya sayi rimot mai allo. Ya sayi jirgi mai tsawon ƙofa. Sai da aka zo kan ɗan akwatin da ke riƙe da su biyun sannan ya tuna tattali.

Kowa da inda yake tsimi.

Da Alhaji ya buɗe cikin jirgin zai sa batir, Malam Jazuli ya leƙa. Na ga ya gyara zaman tabarau, ya sake leƙawa. 'Yar risiba ce kamar farce, da wata 'yar eriya guda da ba ta kai tsinken sakace ba.

Malam ya yi masa bayanin al'adarmu cikin ladabi. Ya nuna masa rumfunan kaji. Ya gaya masa sharaɗin Hajiya. Ya ce shi da kansa zai riƙe masa jirgin, taku talatin kawai.

Alhaji ya ce ya tashi jirgi a filin da titinsa kwalta ne, babu wanda ya sa shi tattaki.

Malam ya tambaye shi ko ya saita wa risibar abin da za ta yi in ta daina jin rimot, wato ta kashe inji. Alhaji ya ce tasa ba ta daina ji.

Daga nan ya juyo gare mu, ya ɗaga murya don kowa ya ji. Ya ce ya gane zancen. Dattijo haushi yake ji don ba a sayi kayansa ba. Ya ce ya san irinmu, sai mu ƙirƙiro doka don mu wulaƙanta wanda ya fi mu kaya.

Ashiru ya miƙe. Ya ce wa Alhaji a shekaru Malam ya haife shi, ya iya bakinsa. Alhaji ya dube shi daga hula har silifa ya tambaya ko shi ne mai gadin filin.

Malam Jazuli ya ɗaga wa Ashiru hannu.

Alhaji ya kunna rimot, ya haɗa batir. Wata 'yar koriyar wuta ta kama a jikin risibar. Ya kaɗa sanda, jela ta motsa. Ya ɗago jirgin har gaban fuskar Malam.

"Dattijo, ga koriyar wuta nan. Ko tabarau ɗin ma na arha ne?"

"Na gan ta, Alhaji. Cewa take sun gaisa. Ba ta ce za su ji juna daga nesa ba."

Shi ke nan abin da Malam ya faɗa. Ya koma kan kujerarsa ta roba.

Yanzu za ku tambaye ni me ya sa ba mu hana shi ba.

Na yi wa kaina wannan tambayar fiye da yadda za ku yi mini.

Ashiru ya je ya tsaya a gaban jirgin. Alhaji ya tambaye shi ko filin na ubansa ne. Tambaya ce marar tarbiyya, amma amsarta a'a ce, kuma dukkanmu mun sani. Na kira wayar Hajiya sau biyu ba ta ɗauka ba, lokacin kwasar ƙwai ne. Abin da ya rage shi ne mu kama mutum ko mu kama jirginsa.

Mu bakwai ne. Akwai malami, akwai mai sayar da magani, akwai tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Duk mutanen kirki. Kowa ya tsaya yana jiran wani ya fara rashin kunyar.

Na roƙe shi abu ɗaya: ya tsaya yamma, kada ya juya hancin jirgin gabas. Ya ce, "Tica, koma aji."

Ya tura totur. Farfela ta ɗauka. Ashiru ya kauce, don farfela ba ta san mai gaskiya ba.

Zan yi masa adalci: ya iya tuƙi.

Jirgin ya tashi sumul. Ya zagaya kanmu sau ɗaya, kusa kusa, ya yi wata juyawa da ni ban iya ba. Alhaji ya waiwayo ya dubi Malam Jazuli.

Zagaye na biyu ya buɗa shi, don mu ga iyakar abin. Jirgin ya yi nisa, ya karkato, hancinsa ya dubi gabas.

Alhaji ya kaɗa sanda hagu.

Jirgin ya ci gaba da tafiyarsa.

Ya sake kaɗawa. Ya ja totur baya. Inji yana nan yana kuka yadda aka bar shi, tunda ba a taɓa gaya masa abin da zai yi in ya ji shiru ba.

Sai Alhaji ya ɗaga rimot sama da hannu biyu, ya bi jirgin da gudu.

Na ƙirga, don na saba. Ya wuce taku ɗari, cikin ciyawa, da farin kaftani, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya.

Ashe ba tafiyar ce ba ya iyawa ba.

Mun ji ƙarar kwano. Sannan kajin suka ɗauka, rumfa ta farko, ta biyu, har ta huɗu.

Ban taɓa jin irin wannan kukan ba, kuma ba na marmarin sakewa.

Muka ruga. Jirgin ya huda rufin rumfa ta biyu, rabinsa a ciki, jelarsa a waje. Kajin sun tattaru a kusurwa sun yi tsibi har gwiwata. Mu da ma'aikatan gidan muka shiga janye su da hannu, muna neman na ƙasa. Na ƙasan da yawa ba su motsa ba. Ban ƙirga ba. Wannan ƙirgar ba tawa ba ce.

Hajiya Lantana tana tsaye a bakin rumfar da tiren ƙwai a hannu. Ba ta ajiye shi ba. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi ihu da ya fi mana sauƙi.

Alhaji ya iso yana haki, kuma ya iso da bayani. Ya ce rimot ɗinmu ne suka shiga zangonsa. Ya ce tsofaffin kayanmu ne suka rikita masa sigina, yana ma zargin da gangan aka yi. Rimot ɗinmu duka suna kan tabarma a kashe. Ashiru ya ce a bar shi da shi minti ɗaya kawai. Mutum uku suka riƙe shi, wato dai mun iya riƙe mutum in mun ga dama.

Da Alhaji ya ga bayanin bai samu kasuwa ba, sai ya sa hannu a aljihu, ya ce Hajiya ta faɗi ko nawa ne.

Ba ta dube shi ba. Malam Jazuli ta duba.

Ta ce, "Malam, ran da ka zo gidana, ban ce in ya faɗo a biya ni ba. Cewa na yi kada ya faɗo."

Malam ya ce, "Haka aka yi, Hajiya."

Na yi ƙoƙarin gaya mata mutumin ba namu ba ne, yau muka fara ganinsa. Ta ce ita daga inda take tsaye, maza ta gani da rimot a filin da ta ba mutum ɗaya amana. Ta ce mu kwashe tabarmarmu, Allah ya ba mu wani wurin.

Malam bai roƙe ta ba. A hanya na tambaye shi dalili. Ya ce me zai ce mata, ta yi ƙarya ne?

Alhaji ya ɗauki rimot ɗinsa da takalminsa ya tafi. Gawar jirgin ya bar mana, mu muka sauko da ita daga kwano. Mu ne kuma muka koma ranar Lahadi muka gyara rufin. Hajiya ta aiko mana da ruwan sanyi. Maganar fili ba ta sake tasowa ba.

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta na biya shagon Malam Jazuli. Na tarar ya ciro 'yar risibar daga tarkacen, ko ƙwarzane babu. Ya haɗa ta da wani rimot irin na Alhaji da wani ya kawo gyara, ya ɗaura mata jelar wani tsohon jirgi. Ya miƙo mini rimot ɗin ya ce, "Tica, yi mana tafiyar."

Na ce me za ta amfana yanzu. Ya ce yana so ya sani.

Na danna maɓallin. Na fara ja da baya a layin shagon, masu babur suna kauce mini suna tsaki. Ɗaya, biyu, uku. Jela tana motsi. Takwas, tara. Ta fara rawa.

Goma sha ɗaya.

Ta tsaya cik.

Na tsaya a tsakiyar layi da rimot a hannu. Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Bai ce ai ya faɗa ba. Ba ya cikin masu faɗin haka, shi ya sa nake faɗa a madadinsa.

Taku goma sha ɗaya. Ko talatin ɗin ma ba sai ya cika ba.

Kada wani ya zo ƙasa ya ce laifin kayan arha ne. Risibar lafiyarta ƙalau. Malam ya sa ta a wani ɗan jirgin kumfa mai tsawon kamu biyu, muka gwada a babban ɗakin taron makarantarmu. Ta yi aiki kamar agogo. Don haka aka yi ta. Mai sayarwa ma bai yi ƙarya ba, ya ce tana aiki da rimot ɗin, kuma ta yi. Bai ce har ina ba, shi kuma Alhaji bai tambaya ba.

Shi kuwa, an turo mini abin da ya rubuta a wani zauren masu jirage na intanet. Ya gargaɗi jama'a su guji risiba mai arha, su kuma guji tashin jirgi cikin waɗanda ba su waye ba. Mutane da dama sun yi masa jaje.

Yau sati biyar ke nan. Jirgina yana rataye a saman ɗaki, uwargida ta fara shanya masa ɗankwali. Na wuce ta bayan Rigachikun shekaranjiya, na ga Hajiya ta sa an nome filin. Masara ta tsiro a inda muke ajiye tabarma.

Na tambayi Malam Jazuli ko za mu fara neman wani wurin. Ya ce mu nema, amma shi gwiwarsa ba za ta sake zuwa gaisuwa sau huɗu ba.

Darasi:

Kafin ka sayi risiba, ba "nawa ce" ba ce tambayar farko. Ka tambaya ko tana jin rimot ɗinka, sannan ka tambaya har ina take jin sa. Mai arha da ta dace ta fi mai tsada da ba ta dace ba, wadda ta fi kowace arha kuma ba lallai taka ce ba. Ka saita mata ta kashe inji in ta ji shiru. Ka yi tafiyarka, ko ana kallonka.

In kuma wanda ya girme ka a sana'a ya yi maka tambaya uku kafin ya sayar maka da abu, ba aljihunka yake aunawa ba. Wanda ke son aljihunka ba ya tambaya.

Ɗayan darasin namu ne, mu bakwai. Mun ji kunyar riƙe jirgin baƙo na minti biyu. Shi ya koma gida ya yi odar wani. Mu ne ba mu da fili.

Ku tura wa wannan abokin naku da ba a taɓa gaya masa abin da bai sani ba. Ba zai karanta ba, amma ku tura.

In kuma akwai mai fili a wajen gari, nesa da kaji, nesa da mutane, ya yi mini magana. Wannan karon ni zan je gaisuwar.